Gani ya kori ji: yadda ake riƙon ƴar kyanwar tsintuwa in ana zaton kurma ce

A Damagaram ba abin mamaki ba ne yara su dawo daga lakwal ko makarantar allo da ƴar kyanwa cikin kwali. Sun tsinto ta a gindin wani kango a Birni, ko ƙarƙashin teburin mai nama a kasuwar Dole, ko cikin tsagin manyan duwatsun nan da ke warwatse a garin. Roƙon kullum ɗaya ne: «Inna, don Allah ki bar mana ita, ba ta da uwa.» Uwargida ta yi shiru, ta tuna ɓarnar da ɓeraye ke yi mata a ɗakin hatsi, ta ce a ajiye.

Bayan kwana biyu ko uku sai a fara lura da wani abu. Ana kiranta mus-mus, ba ta waiwaye. Kwano ya faɗi a bayanta, ko gezau. In ta yi barci sai an taɓa ta take farkawa, kuma a firgice. Kukanta ya fi na sauran kyanwoyi ƙara. Daga nan kowa ya kawo tasa. Wani ya ce kunnen ƙashi gare ta, wata ta ce akwai iska a jikinta, maigida kuma ya yanke hukunci: kurma ce, ba za ta kama ɓera ba, a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Kafin a kai ga wannan hukunci akwai abubuwan da ya kamata a sani. Ba duk ƴar kyanwar da ba ta amsa kira ba ce kurma. Wadda kuma ta tabbata kurma ce tana iya rayuwa lafiya shekara 10 ko fiye. Kurumta ba ta kashe kyanwa. Abin da ke kashe ta titi ne, da abincin da bai dace ba, da maganin da aka ba ta bisa kuskure.

Ranar farko: lafiyar gida kafin komai

Tambayar farko ita ce ko da gaske marainiya ce. Uwar kyanwa takan bar ƴaƴanta awa da yawa ta tafi neman abinci, kuma takan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya in za ta canza maɓoya. Ƴar da aka samu da tsabta, cikinta a cike, jikinta da ɗumi, tana barci, galibi uwarta na nan kusa. Ya fi kyau a ja da baya a sa ido na ƴan awoyi. Wadda aka samu ta yi sanyi, ta rame, idonta ya cushe da kwantsa, tana ta kuka, ita ce ke buƙatar a ɗauka.

Tambaya ta biyu ita ce ko ta ciji wani ko ta yakushe shi. Ciwon haukan kare, wanda ake kira «rage» da Faransanci, yana nan a Nijar kamar sauran ƙasashen yankin, kuma ba kare kaɗai yake kamawa ba. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Karnuka ne ke kawo kusan duka, amma kyanwar titi da kare ya taɓa cizo ita ma tana iya ɗaukarsa. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu tsira.

Saboda haka in an samu cizo ko yakushin da ya fasa fata, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a tafi likita a ranar, ko CSI na unguwa ko babban asibitin ƙasa na Damagaram. Kada a jira a ga abin da zai faru. Ita kuma dabbar a killace ta, a sanar da ma'aikatar kiwo, wadda takan sa a lura da ita kwana 10 zuwa 15. Ƴar kyanwar da ke dalalar da miyau, ko muryarta ta canza, ko tana kai cizo babu dalili, ko ƙafafunta na baya sun shanye, wannan ba maganar kunne ba ce: a rufe ta, a hana yara taɓa ta, a kira likitan dabbobi.

Ko da babu cizo, makonnin farko a ajiye ta a wuri guda, kuma duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu. Kyanwar titi takan zo da ƙuma, da tsutsar ciki, da makero, wanda ke saurin kama kan yara.

Sai batun ɗumi. Jaririyar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta har sai ta yi mako 3 zuwa 4. A sanyin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke busawa, dare ɗaya a tsakar gida ya isa ya kashe ta. Kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe da tsumma, a sa a gefen kwali ta wadatar. Ba a ba wadda jikinta ya yi sanyi abinci sai ta ɗumama, domin cikinta ba ya narkar da komai a wannan hali. A bazara kuwa, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, haɗarin ya juya: inuwa da ruwa take buƙata, ba ɗakin kwano a rufe ba.

Kwana nawa gare ta?

Yawancin kuskuren da ake yi a kan kurumta daga nan yake farawa. Kowace kyanwa ana haifar ta ido rufe, ramin kunne ma a toshe. Idanu sukan buɗe tsakanin kwana 7 da 10, ramin kunne kuma yana buɗewa a hankali cikin mako 2 na farko. Sai wajen mako 4 take iya juyawa daidai wajen da ƙara ta fito. Gwajin da aka yi wa ƴar kwana 10 ba ya nuna komai.

Ana iya ƙiyasta shekarunta da ido da kuma sikelin mai shago. Ana haifar ta da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kuma mai lafiya tana ƙara kamar giram 100 a kowane mako. Ƴar mako 2 idonta a buɗe, amma jan ciki take yi. Ƴar mako 3 haƙoran gaba sun fara fitowa, tana tafiya tana tangaɗi. Ƴar mako 4 fiƙoƙi sun tsiro, tana wasa, tana iya lasar abinci. Ƴar wata 2 ta doshi kilo 1.

Launin ido ma yana yaudara. Duk jariran kyanwa idonsu shuɗi ne da farko. Sai sun kai mako 6 zuwa 7 ainihin launin ke fara bayyana, rawaya ko kore ko ruwan zuma. Wanda ya ga shuɗin ido a ƴar mako 3 bai ga alamar komai ba tukuna.

Akwai kuma yunwa da tsoro. Ƴar kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba, ko zazzaɓi ya kama ta, ba ta da ƙarfin kula da ƙara. Wadda ta tsorata kuwa takan ƙame wuri guda kamar gunki. A bari ta ci, ta huta, ta saba da gidan kwana kaɗan, sannan a gwada.

Yadda ake gwadawa a gida

Kunnen kyanwa mai lafiya ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Mutum yana jin sauti har mai kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa. Kyanwa tana jin wanda ya ninka haka sau uku ko fiye, shi ya sa take jin cuwa-cuwar ɓera da kunnen mutum ba ya kamawa. Kowane kunne nata yana juyawa shi kaɗai, kamar ana murza shi. Wannan juyawar ita ce abin da mai gwaji zai sa wa ido, ba gudu ko waiwaye ba. Kyanwa mai ji tana iya yi wa mai kiranta kunnen uwar shegu, amma kunnen kansa sai ya motsa.

A zaɓi lokacin da gida ya yi tsit, kamar bayan azahar. Mai gwaji ya tsaya a bayanta, taku uku ko huɗu, inda ba ta ganinsa kuma inuwarsa ba ta faɗa a gabanta. Ya kaɗa makullai, ko ya buga cokali a kwanon samira, ko ya murza leda, ko ya yi fito. Wani ya tsaya daga gefe yana kallon kunnuwan. A maimaita da ƙara daban-daban, mai kauri da siririya, a kuma maimaita tana barci. A yi haka kwana uku ko huɗu kafin a ce komai.

Abubuwa uku ne ke ɓata gwajin. Na farko, girgizar ƙasa: kyanwa tana jin motsi da tafin ƙafarta, don haka in ana daka a turmi, ko an buga ƙofa, ko an taka ƙasa da ƙarfi, kurma ma za ta ɗaga kai. Na biyu, iska: tafi kusa da kanta yana kaɗa gashin bakinta, sai ta zabura a zaci ji ta yi. Na uku, kwaikwayo: in akwai wata kyanwa ko kaji a wurin, tana ganin sun firgita ita ma za ta bi su.

Gwajin gida ba ya iya gano wadda kunne ɗaya ne ya mutu. Irin wannan tana ji, sai dai takan yi ta waige-waige kafin ta gane inda ƙara ta fito. Gwajin da ke ba da tabbas na na'ura ne, ana kiransa BAER: ana sa ƙara a kunne ɗaya, ana auna amsar ƙwaƙwalwa da ƴan wayoyi a fatar kai. A manyan asibitocin dabbobi na Turai da Amurka ake samunsa. Don riƙon kyanwa a gida ba dole ba ne. Lura ta kwanaki ta isa.

Me ya sa fara mai shuɗin ido?

In ƴar kyanwar fara ce fat, babu ɗigon wani launi, zaton kurumta yana da tushe. Tun da daɗewa masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ya ambata cewa fararen kyanwoyi masu shuɗin ido galibi kurame ne. Bincike daga baya ya gano dalili.

Akwai wata ƙwayar gado da masana suka sa wa alamar W, wadda ke hana ƙwayoyin da ke ba jiki launi isa wurarensu tun ɗan tayi yana ciki. In ba su isa fata ba, gashi ya fito fari. In ba su isa ido ba, ya zama shuɗi. Can cikin kunne kuma, a wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, ana buƙatar waɗannan ƙwayoyin don wani aiki daban: su ne ke daidaita ruwan da ƙananan gasun ji ke aiki a cikinsa. In babu su, gasun nan sukan mutu cikin makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba sa sake tsirowa.

Cibiyar lafiyar kyanwa ta jami'ar Cornell a Amurka ta ba da alƙaluma kamar haka: cikin fararen kyanwoyi da idonsu ba shuɗi ba ne, kashi 17 zuwa 22 cikin 100 ne kurame, masu ido ɗaya shuɗi, kusan kashi 40, masu ido biyu shuɗi, kashi 65 zuwa 85. Mai ido biyu launi daban-daban, sau da yawa kunnen da ke gefen shuɗin idon ne ya mutu. Wannan yana nufin ko cikin masu shuɗin ido akwai masu ji garau, kuma mafi yawan fararen da idonsu rawaya ne ba su da matsala.

Irin wannan kurumta ba ciwo ba ce mai zafi, ba ta yaɗuwa, ba ta da alaƙa da maita ko iskoki, kuma ba ta da magani. Duk wanda ya ce zai buɗe kunnen da tauri ko hayaƙi ko ɗigon wani mai, kuɗi kawai zai karɓa.

Toshewar da ake iya warkarwa

Yawancin kyanwoyin Damagaram ba farare ba ne. Masu zane-zane ne ruwan ƙasa ko ruwan toka, kamannin kakarsu kyanwar dajin Afirka, wadda daga gare ta duk kyanwoyin gida na duniya suka fito. A irin waɗannan kurumtar haihuwa ba ta da yawa. In ba su ji, a fara leƙa cikin kunnen.

Abin da aka fi samu a ƴar kyanwar titi wasu ƙananan ƙwari ne ƴan uwan kaska, waɗanda ido da ƙyar yake gani. Suna cika kunne da wani baƙin datti mai kama da garin kafe, dabbar ta yi ta susa tana kakkaɓe kai. In ya cushe ramin, ji yana raguwa, amma yana dawowa bayan magani. Akwai kuma ciwon kunne mai ruwa da wari, wanda yakan biyo bayan murar kyanwa. In ya shiga ciki sosai sai a ga ta karkata kai gefe guda, tana zagaye ko faɗuwa. Wannan na gaggawa ne. Bugu a ka, ko faɗowa daga soro, shi ma yana iya fasa dodon kunne.

Duk waɗannan aikin likitan dabbobi ne. Akwai ma'aikatar kiwo ta jaha da ta gundumomi, akwai kuma likitoci masu zaman kansu. Gaskiya ne shanu da raƙuma da tumaki suka fi yi wa aiki, amma duba kunne, maganin tsutsa da allurar haukan kare suna cikin abin da suka karanta. Ana yi wa kyanwa wannan allura daga wata 3.

Abin da ya fi haɗari shi ne maganin gida. Tsinke ko ashana da auduga suna tura datti ciki, suna iya huda dodon kunne. Wasu magungunan ɗigawa a kunne masu ɗauke da gentamicine ko néomycine suna kashe ji gaba ɗaya in dodon kunne ya riga ya fashe. Ta haka kyanwar da toshewa kawai gare ta sai ta zama kurma ta dindindin. Paracétamol guba ce ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi: ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana kashe ta. Piya-piya, kananzir, da maganin ƙumar kare mai ɗauke da perméthrine duk suna kisa. Ƙuma a jikin jaririya da mataji mai ƙananan haƙora ake cire ta.

Zama da kurmar kyanwa

In an tabbatar ba ta ji, doka ta farko ita ce kada ta fita. Kyanwa mai ji tana kauce wa kabu-kabu, da adaidaita, da amalanke, da kare, da jifan yara tun kafin ta gan su. Kurma ba ta san abin da ke zuwa daga bayanta ba. Lungunan Birni da Zango masu kwana-kwana, inda moto ke ɓullowa babu zato, da manyan hanyoyin da motocin Agadas da Magarya ke bi, ba wurinta ba ne. Gidan Hausa mai katanga da zaure ya dace da ita, in an kiyaye ƙofa kuma an janye tarin itace, tsani ko randar da za ta taka ta hau katanga. Da dare a rufe ta a ɗaki, tare da ruwa da kasko mai rairayi don bahaya.

A cikin gida ma akwai haɗari. Tana iya kwanciya ƙarƙashin moto ko mota, ba za ta ji an tayar ba. A leƙa kafin a murza makulli. Rijiya da randa da tanon ruwa a rufe su. A kula da murhu. Ƙaramar ƙararrawa a wuya tana taimaka wa mutanen gida su san inda take, tunda ba a iya kiranta, amma igiyar ta zama mai saurin tsinkewa, don kada ta maƙale a wani wuri ta shaƙe.

Magana da ita da ido da hannu ake yi. Mutanen ƙasar Hausa ba baƙin wannan ba ne: kurame suna da maganar hannu tun da daɗewa, a kasuwa da majalisa ana hira da su. A zaɓi alama ɗaya ta «zo», kamar kaɗa yatsu kusa da ƙasa, a riƙa yin ta duk lokacin ba da abinci. Cikin kwanaki kaɗan za ta haɗa biyun. A zaɓi wata ta «bari». Kowa a gidan ya yi amfani da alama iri ɗaya. Da dare kunna tocila da kashewa yana zama kira. In tana kallon wani wuri, a buga ƙasa ko tabarma da tafin hannu, girgizar za ta sa ta juyo.

Kada a taɓa ta tana barci ba tare da sanarwa ba. Wannan shi ne abin da ya fi sa kurmar kyanwa cizo, har a yi mata sunan muguwa. A ɗan bubbuga gefen shimfiɗarta, ko a kawo hannu kusa da hancinta ta ji ƙamshi, sannan a shafa. A koya wa yara su zo mata ta gaba. Ihu ba ya amfani, duka kuma tsoro kawai yake koya mata. Kukanta mai ƙara ba fitina ba ce. Ba ta jin muryarta ne, don haka ba ta san iyakarta ba.

Shin za ta kama ɓera? Za ta iya, amma ba kamar mai ji ba, musamman a duhu. Sai dai ba ta rasa komai da komai ba. A 2010 wasu masana ƙarƙashin Stephen Lomber na jami'ar Western Ontario a Kanada sun nuna cewa kyanwoyin da aka haifa kurame sun fi masu ji ganin abin da ke gefen ido da gano ƙaramin motsi, domin sashen ƙwaƙwalwar da aka tanada don ji ya koma yi wa ido aiki. Ga kuma hanci da gashin baki. A nan karin maganar ta faɗa daidai: gani ya kori ji.

Abinci, rana da haihuwa

Tunda ido ne jarinta, abinci ya zama babban al'amari. Kyanwa maciyar nama ce. Akwai wani sinadari mai suna taurine da jikinta ba ya haɗawa isasshe, sai daga nama da kifi take samu. In ta daɗe ba ta samu ba, ido yana lalacewa har makanta, zuciya ma ta raunana. Ragowar tuwo da fura da shinkafa kaɗai ba sa riƙe kyanwa. Mai ji da ke yawo tana cike giɓin da ɓera da ƙadangare. Kurmar da aka tsare a gida ba ta da wannan dama, sai abin da aka ba ta. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba: guntayen nama da zuciya daga mahauta, kayan cikin kaza, kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, duk a dafa babu gishiri babu yaji. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, don haka miyar gida ba tata ba ce. Maganin ɓera kuma a daina zubawa a gidan da ke da kyanwa.

Wadda ba ta kai mako 4 ba nono take buƙata, kowace awa 2 zuwa 3 a makon farko, har da dare. Madarar shanu da ta gwangwani suna sa ta zawo, zawo kuwa yana kashe jaririya da sauri. Mafi kyau a samu wata kyanwa mai shayarwa, ko madarar da aka yi musamman don kyanwa. In babu, dafaffen nonon akuya da ɗan gwaiduwar ƙwai yana riƙe ta na ɗan lokaci kafin a ga likita. Da sirinji marar allura ake ba ta, tana kwance a kan cikinta, ba a rigingine ba, don kada ya sarƙe ta. Bayan kowane ci a shafa ƙasan wutsiyarta da tsumma mai ɗumi, kamar yadda uwa ke lasa, in ba haka ba ba za ta yi fitsari ba.

Farar kyanwa tana da wani abokin gaba a Damagaram: rana. Fatar kunne da hancinta ba su da launin da ke kare su, sai su ƙone, su yi ja, su yi ɓawo, kuma bayan shekaru hakan yana iya zama ciwon daji. Daga hantsi zuwa la'asar inuwa ce wurinta.

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin yana ɗaukar kwana 63 zuwa 65, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Lokacin neman barbara ne mace da muzuru ke tsallake katanga, kuma lokacin ne kurma ta fi shiga haɗari. Uwa kurma ba ta jin kukan ɗanta in ta danne shi ko ya ɓace. Farar kuma tana ba wajen rabin ƴaƴanta ƙwayar gadon nan, ko ma dukansu. Saboda haka likitocin dabbobi ke ba da shawarar a yi wa muzuru fiɗiya, mace kuma aikin hana haihuwa, a hannun ƙwararre.

Kafin a ce «a ajiye»

Kyanwa tana da daraja a ƙasar nan tun da daɗewa. Garin da ya rayu da rumbu da fatauci, tun zamanin da ayarin Agadas ke sauka a Zango, ya san amfanin mai tsaron hatsi. Malamai kuma suna karantar da cewa ragowar ruwanta ba najasa ba ne, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma kowa ya san laƙabin sahabi Abu Huraira daga ƴar kyanwa ya samo asali. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda ta ɗaure kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wannan hadisi ya shafi mai riƙon kurma kai tsaye, domin shi dole ne ya tsare ta; in ya tsare, ci da shanta sun hau kansa.

Don haka gidan da aka kawo wa irin wannan ƴar kyanwa ya tambayi kansa abu uku: akwai mai kula da ƙofa, akwai ɗan nama ko kifi a kai a kai, akwai kuma halin kai ta allura? In amsar e ce, za a samu dabba mai natsuwa, wadda tsawa da ƙarar injin niƙa ba sa firgita ta, mai bin mutanen gida da ido duk inda suka yi. In amsar a'a ce, babu laifi a faɗi gaskiya tun da wuri, a nemi wani gida mai katanga da zai karɓa, a kuma gaya musu halin da take ciki. Abin da bai kamata ba shi ne a ba yaro kwali a ce ya kai ta bakin kasuwa ya ajiye. Mai ji tana iya yin sa'a a can. Kurma ba ta jin moton da ke tahowa.